Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Lacca Kan Gudun Dogon Zango

 

  Yayyena da ƙannena mutanen Zagga, da waɗanda suka taso daga Bagudo da Ka'oje da Illo domin wannan zama, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Duk wanda ya taɓa fita gudu bayan sallar asuba a ƙauyukanmu ya san abin da ake tarbarsa da shi. Tsohuwa ce za ta tsaya da itace a kanta, ta dubi bayanka kafin ta dube ka, ta ce, "Ɗan nan, lafiya? Me ya koro ka?" Ina ganin girman wannan tambaya, domin a ƙasarmu ba a san babba yana gudu haka kawai ba. Gudu na wanda gobara ta tashi a gidansa ne, ko wanda saniya ta ɓalle masa. Saboda haka wanda zai tsaya gaban iyayensa ya ce zai yi magana a kan gudun kilomita 50, kuma wai wannan ma share fage ne na gudun kilomita 100, dole ya fara bayyana abin da yake nufi.

Gudun fanfalaki, wanda 'yan rediyo ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Shi ake yi a Legas duk shekara tun 2016. Duk tseren ƙafa da ya zarce wannan ya shiga wani aji daban, ni kuwa ina kiransa gudun dogon zango. Ƙaraminsa kilomita 50 ne, kusan tazarar Birnin Kebbi da Argungu. Sai na kilomita 100. Sai na mil 100, wato kilomita 161, wanda ya ɗara hanyar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. Da yawa daga cikinsu ba a kan kwalta ake yin su ba. A turbar daji ake yi, ta cikin yashi da duwatsu da kwari da tudu, mutum yana ɗauke da ruwansa da guzurinsa.

A nahiyarmu ma abin ya tsufa. A Afirka ta Kudu akwai gasar Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. An fara ta a 1921 da mutum 34, 16 suka kai ƙarshe. Yau dubbai ke shiga, kuma wanda bai iso cikin awa 12 ba an rufe masa ƙofa. A Maroko akwai Marathon des Sables da aka fara a 1986, kimanin kilomita 250 cikin hamada, ana yin sa zango-zango har mako guda, kowa da abincinsa a bayansa. Wani ɗan ƙasar, Lahcen Ahansal na yankin Zagora, ya lashe shi sau goma. Daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007 wasu mutum uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, suka ratsa Sahara da ƙafa daga gaɓar teku a Senegal har Bahar Maliya a Masar cikin kwana 111, kuma ta Agadas suka bi, nan maƙwabtanmu.

Na kawo waɗannan sunaye ne don ku san girman fagen. Amma in gaya muku gaskiya, ni ba daga wajensu na fara fahimtar wannan al'amari ba. Daga nan gida ne.

Wannan ƙasa da muke zaune a kanta hanyar fatake ce. A ƙarni na 19 ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan taso daga Kano da Sakkwato da Jega, su ƙetare kogin Kwara a wajen Illo ko Gaya, su shiga ƙasar Bargu, su bi ta Kandi da Djougou, waɗanda yau suke cikin jamhuriyar Benin, har su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yanzu. Suna tafe da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su komo da goro. Tafiyar watanni ce, kuma mafi yawan mutanen ayari da ƙafa suke yin ta. Sai da yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892 kasuwar ta watse zuwa wasu garuruwa. Abin da na ji daga bakin tsofaffi shi ne, madugu na ƙwarai ba ya cin dogon zango a ranar farko. Ayari yakan fita bayan gari kaɗan ya sauka. A nan ake ganin jakin da kaya ya yi wa gefe guda, da igiyar da ba za ta kai ba, da salkar da ke yoyo, da yaron da ƙafarsa ba ta saba ba. Wanda ya manta wani abu yana iya komawa gida ya ɗauko. Wannan gajeren zango ba shi ne tafiyar ba, amma a cikinsa ake gyara tafiyar.

To, gudun kilomita 50 da mutum zai yi kafin na kilomita 100 shi ne wancan zangon bayan gari. Abin da na zo faɗi ke nan yau, sauran duk bayani ne.

Malamai da ke nan sun fi ni sanin cewa a mazhabar Malikiyya tazarar da ake kasaru a kanta barid huɗu ce, mil 48, wadda ake ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai, tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Wato wanda ya ce zai yi kilomita 100 da ƙafarsa cikin yini ɗaya da ɗan dare, ya ɗauki abin da shari'a da kanta ta kira tafiya mai wahala har ta yi rangwame a kanta. Bai kamata a shige ta da ka ba. Kuma gudun ƙafa ba baƙo ba ne a tarihinmu. An san Salama ɗan Akwa'u, Allah ya yarda da shi, da saurin ƙafa, shi ne ya bi waɗanda suka kore raƙuman Manzon Allah a ƙasa har ya ƙwato su. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha.

Wani zai ce, in mutum yana atisaye kullum, kilomita 10 yau, 15 gobe, 25 ranar Asabar, me zai kai shi ga wahalar 50? Amsar tana cikin yadda Allah ya gina jikin ɗan Adam. Jiki yana da rumbu biyu. Ƙaramin rumbu wani nau'in sukari ne da ake ajiyewa a hanta da tsoka, ƙofarsa a buɗe take, amma abin da ke ciki ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai ƙarfi. Babban rumbu kitse ne, yana iya ciyar da mutum kwana da kwanaki, sai dai ƙofarsa ƙarama ce, a hankali ake ɗiba. Wanda gudunsa bai taɓa wuce awa biyu ba bai taɓa ganin ƙasan ƙaramin rumbunsa ba. Bai san yadda ƙafa ke yin nauyi kamar an ɗaura mata turmi ba, bai san yadda zuciya ke baƙi ba gaira ba dalili, har mutum ya ji haushin abokin tafiyarsa don kawai yana numfashi kusa da shi. Waɗannan abubuwa sai bayan awa huɗu ko biyar suke fitowa. Gara ka gamu da su a hanyar da ka sani, kusa da gida, da ka fara ganinsu a ƙasar da ba ka jin harshenta.

Ciki shi ne babban abin da ake zuwa tambaya. Masana sun ce mai dogon gudu yana bukatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa. A abincinmu wannan kamar ƙananan dabino bakwai zuwa goma ne, ko dafaffen dankalin Hausa madaidaici. A baki abu ne mai sauƙi. Amma lokacin gudu jini yakan bar hanji ya koma tsoka da fata, ciki ya yi kasala, abin da kake marmari a zaune ya zama abin ƙyama. Ni dabino yana karɓata har awa huɗu, daga nan zaƙi ya ishe ni, sai ƙuli-ƙuli mai gishiri da ɗan dankali. Ina da aboki da fura ke ɗauka har ƙarshe, ni kuwa in na sha ta a tsakiyar gudu nonon sai ya tsaya mini a ƙirji. Babu littafin da zai gaya maka wanne ne naka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wurin gwajin shi ne kilomita 50.

Haka ƙafa. Takalmin da ya yi maka daidai da safe zai matse ka da azahar, domin ƙafa tana kumbura. Ƙwayar yashi guda da ta shiga safa a kilomita 8 ita ce bororon da zai fashe a kilomita 40. Ɗinkin wando da ba ka taɓa lura da shi ba zai saɓule maka fatar matsematsi har ka riƙa tafiya kamar mai kaciya. Man kaɗe da ke ɗakin kowace uwa a nan ya isa maganin wannan, in an shafa tun kafin a tashi, a hammata da cinya da tsakanin yatsu. Amma sai ka san inda naka jikin ke gogewa.

Yanzu bari in ba ku labarin kaina, domin a nan ne na fi son ƙannena su buɗe kunne.

Wata shekara na yi rajistar gasar kilomita 100 a wata ƙasa. Na tara kuɗin hanya da ƙyar, na yi wata biyar ina shiri. Saura mako biyar, cikin hunturu, muka shirya gudun kilomita 50 ni da wasu abokai a hanyoyin ƙauye. Na san abin da ya kamata in yi, har na rubuta shi a takarda: in tafi a hankali, in ci abinci duk rabin awa, in gama da sauran ƙarfi. Har kilomita 35 ina kan wannan. Sanyi ne mai daɗi, hazo ya rufe rana, jikina sakayau. Sai wani yaro da na girme wa shekara goma sha ya wuce ni a wani burtali, ƙafarsa na tayar da ƙura, bai ko waiwayo ba. Wani abu ya tsaya mini a wuya. Na ce a raina bari in nuna masa. Na saki ƙafa, na daina cin dabinon don kada tauna ta rage mini sauri, na kama shi, na wuce shi, na riƙe wannan gudu har ƙarshe. Aka yi ta yaba mini, ni ma na kwana da farin ciki.

Kwana uku bayan nan na kasa zaman tahiya. In zan sauko daga dakali sai na juya baya na dafa bango. Agarar ƙafata ta hagu ta kumbura, in na taɓa ta ina motsa ƙafar sai in ji tana ƙara a ƙarƙashin yatsana kamar sabuwar igiya. Makonnin da ya kamata in yi ina ƙarasa shiri na yi su ina jinya. Na je gasar duk da haka, don kuɗin da na kashe da kunyar mutanen da na gaya wa. A kilomita 61 na zauna a kan wani benci a wurin ba da ruwa, na daɗe ina kallon takalmina, sannan na cire lambar da ke ƙirjina na miƙa wa mai kula da wurin. Babu wanda ya cuce ni. A wancan burtali na sayar da kilomita 100 na sayi yabon yini ɗaya, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, sassan jiki ba tare suke ƙarfi ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji haki ya ragu. Agara da ƙashi da gaɓoɓi kuwa sai a hankali, watanni suke ɗauka. Shi ya sa numfashinka zai ce maka ƙara wuta alhali agararka tana gab da tsinkewa. Kuma gudun da aka yi da dukan ƙarfi na kilomita 50 yana barin rauni a tsoka da ke bukatar makonni kafin ya warke, wanda aka yi shi da sassarfa kuwa cikin mako guda an koma atisaye. Tazarar ɗaya ce, kuɗin da jiki ya biya ne ya bambanta.

Don haka ga yadda nake ganin ya dace a yi. A sa gudun gwajin saura mako biyar zuwa takwas kafin babbar rana. A tafi da saurin da za a yi na kilomita 100, ba na 50 ba. Ma'aunin da ba ya bukatar agogo mai tsada shi ne hira: in ba ka iya gaya wa na kusa da kai magana cikakkiya ba tare da ka yanke ta don numfashi ba, ka yi sauri da yawa. In an zo tudu ko yashi mai zurfi a taka da ƙafa, babu abin kunya a ciki, manyan gwanayen duniya ma suna takawa a hawan dutse. A sa kayan da za a sa ranar gasa, takalmin nan, safar nan, jakar nan da nauyinta. A tashi a irin lokacin da za a tashi. In babbar gasar za ta kai dare, a tsara gwajin yadda za a yi awa ɗaya ko biyu da tocila, domin ƙasa tana sauya kama cikin duhu, rami ya zama inuwa, inuwa ta zama rami. Kuma a gama ana jin cewa da za a ce a ƙara kilomita 10, da an iya. Wannan sauran ƙarfi da ka dawo da shi gida shi ne ribar ranar.

Ku dubi makiyayi in ya taso da shanu daga nan zai gangara kudu da rani. Sanda a kafaɗa, hannuwa a rataye a kanta, taku ɗaya tun safe har yamma. Ba za ka gan shi yana haki ba, ba za ka gan shi ya tsaya ya daɗe ba. Ya san gobe ma tafiya ce, jibi ma haka. Duk abin da masu horar da 'yan gudu ke ƙoƙarin koya wa mutane da na'urori, yaron nan yana da shi a ƙafarsa.

Waɗanda suka daɗe a harkar haka suke yi. 'Yan Afirka ta Kudu da yawa sukan shiga gasar Two Oceans ta kilomita 56 a Cape Town wajen watan Afrilu a matsayin shiri, sannan su fuskanci Comrades wajen watan Yuni. A Amurka akwai Western States, mil 100 cikin duwatsun Kalifoniya, wadda ta samo asali a 1974 lokacin da Gordy Ainsleigh ya bi hanyar tseren dawaki da ƙafarsa ya gama cikin ƙasa da awa 24. Masu shirya ta sukan buɗe atisayen kwana uku a ƙarshen watan Mayu, a bi mil 70 na ƙarshen hanyar kashi-kashi, wata guda kafin gasar. Ba a ba kowa kambi a wannan atisaye. Kuma ba sa barin mutum ya shiga gasar sai ya nuna ya taɓa gama wata doguwa da suka amince da ita.

Ƙasarmu tana da abin da za ta ba mai shiri. Muna da yashi mai ƙarfafa idon sawu, muna da gefen fadama da taɓo bayan ruwa ya janye, muna da burtali da labi masu tsawo. Abin da muka rasa shi ne manyan duwatsu. Wanda zai je gasa irin ta zagayen dutsen Mont Blanc a Turai, kilomita 170 da hawan da ya kai mita 10,000 in an tara, ya sani gangara ce ke kashe cinya fiye da hawa, kuma sai ya nemi tudu ko gaɓar kwari ya yi ta hawa da sauka, ko ya je Filato ya yi 'yan makonni, inda 'yan gudun Pankshin suke.

Zafi kuwa muna da shi har ya yi yawa, kuma a kansa zan ja kunne. Daga Maris zuwa Mayu rana tana haura digiri 40 a nan. Kada wanda ya yi gudun kilomita 50 a wannan lokaci da sunan jarumta. Lokacinsa hunturu ne, Disamba da Janairu, a tashi da an sallame asuba. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14 in ana shiga a hankali, amma sabo yana da iyaka. In abokin gudunka ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko ya rikice bai san inda yake ba, gudu ya ƙare. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nemi asibiti nan take.

Cikin zafi mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda, kuma gumi da gishiri yake fita, shi ne farin da kuke gani a riga in ta bushe. A nan akwai haɗari ta fuska biyu. Ƙarancin ruwa mun san shi. Amma yawan ruwa ma yana kisa. Likitan nan na Afirka ta Kudu, Tim Noakes, shi da abokan aikinsa suka bayyana a 1985 yadda wasu 'yan dogon gudu suka yi ta ɗurar ruwa zalla har gishirin jininsu ya tsarke, suka faɗi. A sha gwargwadon ƙishirwa, a haɗa da abu mai gishiri. Haɗin da ake koya wa iyaye mata don gudawar yara yana aiki: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Ƙannena, ga wadda ta fi damuna. Na san yadda ƙwaya ta shiga cikin samarinmu, a gona da wajen lodi da kan babur. Kada wanda ya kawo ta cikin gudu. Tramadol yana toshe kunnen mutum daga jin kukan jikinsa, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kowane kyamis kamar alewa, suna takura ƙoda a daidai lokacin da zafi da ƙarancin ruwa suka riga suka takura ta. In bayan dogon gudu ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ɗauke gaba ɗaya, wannan alamar tsoka ce ta farfashe tana toshe ƙoda, asibiti za ka tafi a daren. Kuma kowa ya je a gwada jininsa ya san rukuninsa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato ƙwayar gadon cutar sikila. Mai AS yana iya gudu, amma wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ta fi yi masa haɗari, dole ya fi kowa bi a hankali. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar a makon nan ya haƙura da gudun makon nan.

Saura haƙƙin hanya. Mu mutanen bakin iyaka ne, kuma kowa ya san halin da tsaro yake ciki. Ba a shiga daji a ɓoye. A gaya wa mai gari, a gaya wa jami'an tsaro, a faɗi hanyar da za a bi da lokacin dawowa, kuma kada a yi ƙasa da mutum uku. Turbar da ke wajen Lolo ko Tsamiya tana iya kai ka cikin Benin ba ka sani ba, daji ba shi da alama, saboda haka a bar gefen iyaka. Kada a ratsa gonar mutum. In an iso garke a rage gudu a yi sallama, domin shanu suna firgita da mai gudu, karnukan ruga kuma ba su san atisaye ba. Da asuba da magariba a duba inda ake taka ƙafa saboda kububuwa, in kuwa tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa ba ɗaurewa, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Lokacin salla in ya yi a tsaya a yi ta. Na sha tsayawa azahar a gindin itace da ƙura har gwiwa, kuma ban taɓa tashi daga wannan tsayuwa ba face na ji ƙafata ta yi sauƙi.

Abin da nake roƙon iyayenmu su sa mana albarka a kai ƙarami ne. In Allah ya kai mu hunturu, mu auna zagaye guda na kilomita 10 a bayan gari, wanda ya haɗa yashi da gefen fadama da burtali, ya dawo gindin itace guda. A nan za a ajiye jarkokin ruwa da dabino da ƙuli-ƙuli da man kaɗe, da ma'aikacin lafiya ɗaya, da mai babur biyu, da malamin makaranta riƙe da littafi. Wanda bai taɓa wuce kilomita 10 ba ya yi zagaye ɗaya ya tsaya. Wanda ya yi wata uku yana shiri ya yi biyu ko uku. Zagaye biyar kuwa na wanda ya riga ya gama fanfalaki ne lafiya. Duk wanda ya dawo gindin itacen, malam zai rubuta lokacinsa, da abin da ya ci, da yawan ruwan da ya sha, da inda ke yi masa ciwo. Ba za mu rubuta wanda ya zo na ɗaya ba. Bayan kwana uku kuma mu sake haɗuwa a nan bayan la'asar, kowa ya faɗa wa malam ko ya iya zaman tahiya, a rubuta wannan ma a gefen sunansa.

Wanda yake so a sa shi, littafin yana nan a bakin ƙofa.